Kai ne mai sabar, kai ne kuma ɗan wasa: yadda ake shiga wasan tebur na intanet daga kwamfutar da ke ɗauke da shi

Duk wanda ya taɓa ɗora wasan tebur na intanet a kan kwamfutarsa, irin su Foundry VTT ko Fantasy Grounds ko MapTool, akwai ranar da zai so ya ga abin da 'yan wasansa ke gani da idonsa. Dalili kuwa shi mai jan ragamar wasan, wato GM, komai a buɗe yake a gabansa. Dodon da ya ɓoye a bayan ƙofa yana ganinsa, tarkon da ya binne a ƙasa yana ganinsa, bayanan sirrin da ya rubuta duk suna nan a allonsa, amma ɗan wasa bai kamata ya ga ko ɗaya ba sai lokacinsa ya yi. Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974 haka tsarin yake, mutum ɗaya ya san sirrin, sauran suna lalube. A kan tebur na gaske kwali kawai zaka kafa a gabanka ka kare takardunka, shikenan. A kwamfuta kuwa saiti ne, kuma saiti yana iya kuskurewa baka sani ba, sai ranar wasa wani ya ce maka ai tun ɗazu yana kallon dodon naka.

Toh sai mutum ya ce bari in shiga a matsayin ɗan wasa daga nan inda nake in duba. Anan ne ake fara rikicewa, kuma rikicewar kusan kullum iri ɗaya ce. Ya kwafi linkin gayyata da manhajar ta bashi domin ya tura wa abokai, ya manna a burauza, burauza ta yi ta juyi ta yi ta juyi daga ƙarshe ta ce shafin bai amsa ba. Sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauka sabar ce ta lalace, ya fara taɓa saitin rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, ya kashe fayawol, shingen tsaron kwamfuta, wani ma har ya goge manhajar ya sake sakawa, alhali babu abin da ya lalace.

Abin da nake son a gane shine tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa wuri ɗaya. Akwai tambayar me ɗan wasa yake gani in ya shigo, akwai kuma tambayar zai ma iya shigowa daga gidansu ko kuwa. Shiga daga kwamfutarka yana amsa ta farko sosai da sosai. Ta biyu kuwa ko kusa baya amsa ta, in ya yi aiki bai tabbatar da komai ba, in ya ƙi ma bai tabbatar da komai ba.

Bari mu fara da yadda abin yake a ciki. In ka buɗe Foundry a kwamfutarka abu biyu ne suke tashi lokaci ɗaya, duk da kai abu ɗaya kake gani. Akwai sabar, wadda aka gina da Node.js, ita ce ke riƙe da duniyar wasan, taswirori da hotuna da takardun jaruman wasan da duk wani dayis da aka jefa. Sannan akwai tagar da kake kallo, wadda a gaskiya burauza ce irin ta Chrome aka lulluɓe ta da rigar manhaja, ana kiran fasahar Electron. Ma'ana ko kai GM ɗin dama can baƙo ne a wurin sabarka, haɗuwa kake yi da ita kamar kowa, kawai dai an ɓoye maka hanyar ne. Sabar tana zaune tana sauraro a wata lamba da ake kira fot, kowace kwamfuta tana da su daga 0 har 65535, Foundry ta zaɓi 30000 a matsayin nata na asali, Fantasy Grounds 1802, MapTool kuma 51234. Duk wanda ya san adireshin kwamfutar da wannan lambar zai iya ƙwanƙwasa.

Matsalar ita ce kwamfuta ɗaya tana da adireshi fiye da ɗaya, kuma kowanne akwai wanda aka yi shi dominsa. Na farko shine 127.0.0.1, wanda aka fi sani da localhost, a sabon tsarin IPv6 kuma ::1 ake rubuta shi. Wannan adireshin ma'anarsa ni kaina. Saƙon da ka tura masa baya fita daga kwamfutar kwata-kwata, baya bin waya, baya bin Wi-Fi, ko ka zare komai ka kashe data zai yi aiki. Na biyu shine adireshin cikin gida da rauta ke raba wa na'urori, galibi zaka ga ya fara da 192.168, ko 10, ko tsakanin 172.16 da 172.31. Waɗannan tun 1994 aka ware su a hukumance domin amfanin cikin gida, miliyoyin gidaje suna amfani da lambobi iri ɗaya ba tare da karo ba saboda basa aiki a waje. Na uku shine adireshin waje, wanda kamfanin intanet ya ba rautarka, shi ne duniya ke gani, kuma shi ne yake cikin linkin da kake tura wa abokanka.

Don haka amsar a taƙaice, in daga kwamfutar da sabar take kake, buɗe burauza ka rubuta localhost:30000 kawai. A Fantasy Grounds ko MapTool kuma sai ka sake buɗe manhajar karo na biyu, ka zaɓi shiga wasa maimakon buɗe wasa, a wurin adireshi ka sa localhost. In daga wata kwamfutar ce ko tablet a cikin gida ɗaya, adireshin cikin gida zaka sa. Foundry ma ta san da wannan shi yasa a wurin gayyata linki biyu take nunawa, ɗaya na cikin gida ɗaya na intanet, amma mutane ido yana zuwa kan na intanet ɗin ne kai tsaye.

Me yasa na wajen yake ƙi daga ciki? Nan ne abin yake da daɗin sani. Adireshin tsohon tsarin IPv4 gaba ɗaya kusan biliyan 4.3 ne, sun yi wa duniya kaɗan tuntuni, sai aka fito da dabarar NAT, wato gida guda ya samu adireshin waje ɗaya tak, rauta ta riƙa fassara tsakanin ciki da waje. Ka ɗauki rauta kamar mai gadi a bakin get, an ce masa duk baƙon da ya zo daga titi yana neman lamba 30000 ka kai shi ɗaki kaza. Ya riƙe wannan umarnin da kyau. Sai ga mutumin ɗakin da kansa ya fito daga ciki ya ce masa ina neman gidan nan, lamba 30000. Wani mai gadin zai gane ya juya shi ya mayar da shi ɗakinsa, wani kuwa tsayawa zai yi yana kallonsa domin umarnin da aka bashi na masu zuwa daga titi ne. Wannan juyawar ita ake kira NAT loopback ko hairpin, wasu rautoci suna yinta da kansu, wasu sai an kunna, wasu kuma musamman waɗanda kamfanonin intanet ke bayarwa kyauta basu da ita sam. Wani lokacin ma maimakon wasanka sai shafin shiga saitin rautar ya fito maka in baka sa lambar fot ba, saboda a ganinta ita kake nema.

Akwai wani ƙaramin abu a ciki da ke sa juyawar ta fi yadda ake zato wuya. In rauta ta canza adireshin inda saƙon zai je kawai bata canza na wanda ya turo ba, sabar zata ga saƙon daga maƙwabcinta na cikin gida ya fito, sai ta mayar masa da amsa kai tsaye ba tare da bi ta rauta ba. Shi kuma wanda ya tura yana jiran amsa daga adireshin waje ne, sai ga amsa daga wani adireshi daban, sai ya yar da ita. Kaga kowa ya yi aikinsa amma magana bata haɗu ba. Dole rautar ta canza duka biyun kafin abin ya yi, shi yasa ba kowace ke damuwa da yi ba.

Kenan linkin waje ya ƙi buɗewa a kwamfutarka ba yana nufin abokinka dake wani gari ba zai iya shiga ba. Sau da yawa shi yana shiga lafiya lau kai ne kawai a waje, ko in ce a ciki.

Ɗaya gefen kuma shi ya fi cutarwa a ganina, saboda shi kwantar maka da hankali yake. Ka rubuta localhost, wasa ya buɗe fes, taswira ta sauko cikin ƙiftawar ido, ka ce alhamdulillahi komai ya yi, ka sa wa mutane lokaci. Ranar wasa mutum biyar suna jira babu wanda ya iya shiga. Ai localhost bai bi ta rauta ba, bai gwada ko ka tura fot ɗin zuwa kwamfutar da ta dace ba, wato umarnin nan na mai gadi, bai gwada UPnP, tsarin da manhaja ke roƙon rauta ta buɗe mata fot da kanta, ya yi aiki ko bai yi ba, kuma fayawol na Windows a bisa al'ada baya tare saƙon da kwamfuta ta tura wa kanta, don haka ko ya toshe manhajar ga 'yan waje kai ba zaka gani ba. Duk shingayen da ɗan wasa zai tsallake kai ko ɗaya baka taɓa ba.

Mafi muni a cikinsu shine CGNAT. Kamfanonin intanet da yawa, musamman na layin waya, su ma basu da isassun adireshi, sai su haɗa kwastomomi masu yawa a bayan adireshin waje ɗaya, wato NAT a kan NAT. A 2012 aka ware musu zangon da ya fara daga 100.64 zuwa 100.127 domin wannan aikin. In a irin wannan layin kake, ko kwana zakayi kana saita rautarka babu baƙon da zai iso, saboda tun a wurin kamfanin aka tare shi, kuma wannan rautar ba taka bace balle ka taɓa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ka shiga shafin rautarka ka duba adireshin da ta ce an bata daga waje, sannan ka duba wanda shafukan duba IP, wato adireshin waje, ke nuna maka. In sun zama ɗaya da sauƙi. In sun bambanta akwai wani a tsakani, ko CGNAT ne ko kuma rauta biyu ka jera a gida, ta kamfani da wadda ka saya, kowacce tana nata NAT ɗin. Mafita a nan sai dai ka roƙi kamfanin adireshi naka na kanka, ko ka bi ta rami irin su Cloudflare Tunnel ko ngrok, ko ka haɗa mutanenka a Tailscale ko ZeroTier, ko ka biya masu ɗaukar nauyin sabar irin The Forge su riƙe maka. Fantasy Grounds Unity ta saukaka wannan da zaɓin bi ta sabar kamfanin a tsakiya, Roll20 kuwa tun fitowarta a 2012 komai a sabar kamfanin yake, shi yasa masu amfani da ita basu san wannan ciwon kan ba, maɓalli ne kawai a saiti na sake shiga a matsayin ɗan wasa.

Gwajin gaskiya na waje baya buƙatar komai sai wayarka. Kashe Wi-Fi ɗinta, kunna data, buɗe linkin intanet ɗin. In shafin zaɓar suna ya fito toh hanya a buɗe take, ba sai taswirar ta buɗe da kyau a waya ba, dama ba don waya aka yi ta ba. Abin lura kawai kada ya zama kwamfutar ma daga wayar take shan intanet, in haka ne baka fita ko'ina ba. Foundry tana da ɗan alamar da ke cewa haɗinka a buɗe yake ko a rufe a wurin linkin gayyata, yana taimakawa, amma ni na fi yarda da waya ko abokin da zai gwada min kwana ɗaya kafin wasa.

Yanzu mu dawo ciki, an shiga ta localhost, sai wata sabuwar rigima, wato burauza ta ƙi yarda kai mutum biyu ne. Sabar tana gane mutum ne ta wani ɗan ƙaramin bayani da take ajiyewa a burauzarsa, kuki. In GM ɗinka a cikin tagar manhajar yake, ka buɗe Chrome ko Firefox a gefe, babu matsala domin kowanne da ma'ajiyarsa. Amma in dama ta burauza kake GM, kamar masu amfani da sigar Node.js zalla wadda bata da taga, ka buɗe sabon shafi a burauza ɗaya, zaka tsinci kanka GM ne a duka biyun, in kuma ka fita daga ɗaya ka fita daga duka. Sai ka buɗe tagar sirri, ko wata burauzar daban, ko wani furofayil. A tuna tagogin sirri na Chrome duk nawa ka buɗe ma'ajiya ɗaya suke rabawa, ba zasu baka mutum uku ba. Wata dabarar da ba kowa ya sani ba, burauza tana ɗaukar localhost da 127.0.0.1 a matsayin wurare biyu daban duk da wuri ɗaya suke kaiwa, kukin wannan baya zuwa wancan, don haka a burauza ɗaya zaka iya zama GM a ɗaya ɗan wasa a ɗaya, ka ƙara da adireshin 192.168 ɗinka ka samu na uku.

Abin da ba'a yi shine sake buɗe manhajar Foundry karo na biyu da sunan shiga. Wannan sabar ta biyu kake ƙoƙarin tadawa, zata tarar fot 30000 akwai mai shi, ma'ajiyar bayanan ma a kulle, sai ta yi maka ƙorafi. Mutanen da suka taso daga Fantasy Grounds ne suka fi faɗawa nan domin a can haka ake yi.

Sannan don Allah ka ƙirƙiri sunan gwaji na musamman, kar ka shiga da sunan ɗan wasanka na gaske. Abin da kayi a tagar nan ba kwaikwayo bane, a duniyar wasan yake faruwa. Foundry tana ajiye wa kowane suna iya inda ya gani a taswira, in ka ɗauki jarumin da abokinka ke wasa da shi ka zagaya da shi cikin kogo domin ka gwada bango da haske, ka yaye masa hazon da ke rufe inda bai gani ba kenan, ranar wasa zai shigo ya tarar da rabin kogon a buɗe sai in ka tuna ka mayar da hazon. Dayis ɗin da ka jefa ma yana nan a wurin hira kowa zai gani. Kuma sunan da wani ke ciki baya zaɓuwa a shafin shiga, in ka manta tagar a buɗe mai sunan zai zo ya rasa hanya. Sunan gwajin ka bashi matsayin ɗan wasa na ƙasa, ba amintacce ba, ba mataimakin GM ba, in ba haka ba zai ga abin da sauran basa gani, gwajin ya tashi a banza. Izinin takardu a Foundry hawa huɗu ne, babu komai, kaɗan, mai kallo, mai shi, kuma yawancin abin kunyar da ke faruwa a nan yake, ko dai an bar takardar sirri a buɗe ga kowa, ko an manta ba'a ba mutum jaruminsa ba ya shigo ya ga allo baƙi ƙirin saboda bashi da idon da zai gani da shi. Wannan baƙin allon kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka riƙa gwadawa kafin kowane sabon fage.

Tunda ana maganar suna, sabuwar duniya a Foundry tana zuwa da sunan Gamemaster babu kalmar sirri. Kana gwaji a localhost ba zaka damu ba, har daɗi ma zaka ji shiga ba wahala. Amma ranar da ka buɗe fot ga duniya duk wanda ya samu linkin zai iya zaɓar wannan sunan ya zauna a kujerarka. Sa masa kalmar sirri, ka sa wa shafin saitin sabar ma tasa.

Akwai wasu ƙarairayin da localhost ke yi waɗanda basu kai na farko girma ba amma suna ɓata dare. Burauzoci na zamani basa ba shafi damar kamara da makirfo sai in ta HTTPS ya zo, wato haɗi mai tsaro, amma sun yi wa localhost afuwa, suna ɗaukarsa amintacce. Sai wani abu ya yi aiki a wurinka ya ƙi a wurin wanda ya shigo ta adireshin lambobi da http zalla. Masu sunan shafi nasu na kansu kuma da suka sa satifiket na HTTPS, in rauta bata juyawa sai sunan ya ƙi buɗewa daga gida, maganinsa layi ɗaya ne a fayil ɗin hosts, a Windows yana cikin System32\drivers\etc, a Linux da Mac kuma /etc/hosts, ka ce sunan nan ya nuna 127.0.0.1 ko adireshin cikin gida. In kana da VPN a kunne shi ma yana iya sa linkin gayyata ya ɗauki adireshin kamfanin VPN ɗin maimakon naka. Adireshin cikin gida kuma yana iya canzawa in an kashe rauta an kunna, jiya kwamfutarka tana .12 yau tana .15, umarnin tura fot yana can yana nuna tsohon wuri, sai ka ɗaure mata lamba ɗaya a saitin rautar ka huta.

Nauyi ma a duba shi. Kowace taga zana taswirar take da kanta da katin zane na kwamfuta ta hanyar fasahar WebGL, haske da inuwa da hazo duka, taga biyu aiki biyu kenan a kan na'ura ɗaya wadda kuma ita ke riƙe da sabar. Laftof mai ƙaramin ƙarfi zaka ji fanka ta fara ihu. In shafin ɗan wasan yana ɓoye a bayan wani shafin burauza tana rage masa gudu ko ta tsayar da zanen, sai ka koma ka ga kamar abu ya maƙale alhali bacci ta sa shi, gara ka ware shi a tagarsa ka ajiye gefe da gefe. Sauti kuma zai fito sau biyu da ɗan tazara tsakani, kashe na ɗaya. Masu wasa ido da ido da ke kwantar da talabijin a kan tebur su kam wannan tsarin shine rayuwarsu kullum, tagar GM a laftof, tagar suna na musamman mai ganin abin da duk 'yan wasa ke gani a ja ta zuwa allo na biyu, kuma su babu ruwansu da fot ko CGNAT tunda babu mai zuwa daga waje.

Saura gudu. Taswirar da ta buɗe maka nan take daga faifan kwamfutarka ta fito, bata yi tafiya ba. Su kuwa 'yan wasa ta layinka na turawa zata bi, wanda a yawancin intanet na gida ya fi na saukewa ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Hoto mai megabayit 20 in mutum biyar zasu ɗauka lokaci ɗaya megabayit 100 kenan, a layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa lissafi ya kai wajen daƙiƙa 80 kowa yana kallon allo yana jira, kai kuma kana ta bayanin ɗakin da basu gani ba tukuna. Mayar da hotunan zuwa tsarin WebP yana rage nauyin sosai, sannan Foundry tana da zaɓin tura fage tun kafin a shige shi, ka danna shi lokacin da suke gardamar wace ƙofa zasu buɗe.